Katako Ɗaya Ya Rage Wa Paulina

Akwai wata mata mai suna Paulina da ta zauna a Bauchi a shekarun farko da garin ya zama babban birnin jiha. Ita da mijinta Elisha 'yan kudancin Bauchi ne, suna hayar ɗaki biyu a bakin Ƙofar Wambai. Elisha mai ɗaukar hoto ne.

Ku 'yan yanzu da kuke latsa waya hoto ya fito, ku tsaya in kwatanta muku kyamararsa. Akwati ne na katako a kan ƙafa uku, da baƙin ƙyalle a bayansa inda mai hoto ke cusa kai. A cikin akwatin ake wanke hoton, a miƙa wa mutum abinsa da sauran danshi.

A gaban akwatin akwai wani ɗan katako mai kusurwa huɗu, bai fi tafin hannun babban mutum ba, an huda tsakiyarsa. A wannan hujin ake ɗaura gilashin kyamara, wanda Elisha yake kira ido. In hujin ya yi faɗi, haske ya kutsa ta gefe ya ƙona hoto. In ya karkace, fuskar mutum ta fito rabi garau rabi dishi-dishi.

Elisha ya yi jinyar kwana tara ya rasu, ya bar Paulina da 'ya'ya mata biyu 'yan firamare, babbar sunanta Liatu. Ranar zaman makoki, garin matsar da kaya a shimfiɗa tabarmi, wani ya ture kyamarar. Allah ya kiyaye ido bai fashe ba. Amma katakon da ke riƙe da shi ya tsage biyu.

Bayan wata guda, wan mijinta Jesse ya zo daga ƙauye. Ba mugun mutum ba ne, mutum ne dai da bai yarda da abin da bai gani da idonsa ba.

Ya ce, "Maman Liatu, ban zo don in cuce ki ba. Ɗakin haya, yara biyu, ga kyamara a karye. Akwai wani mai hoto a Jos da yake son idon nan. Mu sayar masa, ku dawo gida kafin ruwa ya sauka, in yanka miki gona."

Ta ce, "Yaya, na iya aikin."

"Kin iya riƙe masa bokiti. Riƙon bokiti daban, ɗaukar hoto daban."

Maganar ta yi mata ciwo, amma ta haɗiye. Shekara tara ita ke haɗa ruwan wanke hoto, ita ke yanka takarda, kuma ranar da Elisha ya tashi da zazzaɓi ita ke shiga ƙarƙashin ƙyallen tana saita masa. Ba wanda ya taɓa lura, domin kowa fuskarsa ya zo gani.

Ba ta son komawa ƙauye, ba don raina shi ba. 'Ya'yanta sun fara karatu, kuma kyamarar nan ita kaɗai ce abin da ubansu ya bari da yake iya ciyar da su.

Ta gaya wa Jesse cewa tana da masu jira. Maƙwabciyarsu Goggo Ruƙayyatu, dattijuwa mai sayar da man gyaɗa a cikin gida, za ta sauke farali a shekarar, ita da wasu mata biyar na unguwar. Kowace tana buƙatar hoton fasfo, kuma dukansu matan cikin gida ne da ba su saba tsayawa gaban baƙon namiji yana ƙare musu kallo ba. Goggo da bakinta ta ce mata, "In ke ce za ki ɗauka, ki shigo har tsakar gida. In nawa ya yi kyau, sauran ma duk naki ne."

Jesse ya ce, "To. Ranar Alhamis zan dawo. In na tarar kyamara tana aiki, na ga hoto da idona, na bar ki. In ba haka ba, ki ɗaure kaya."

Ta ce ta yarda.

Da ya tafi ta jawo akwatin kayan Elisha daga ƙarƙashin gado. Ta san ya ajiye katakon maɗaci guda biyu da ya yanka daidai bakin kyamarar, sun yi shekaru suna bushewa, huji kawai ya rage a yi musu. Sabon katako ba ya yin wannan aikin, domin yana bushewa sai ya lanƙwashe. Kuɗin zuwa Jos ko Kano neman na kanti kuwa ba ta da su. Katako biyu ke nan, sai 'yan canjin da ke ƙulle a bakin zane.

Ranar Litinin ta nufi shagon Sabitu.

A lokacin, in ana maganar kafinta a wannan ɓangaren gari, sunan Sabitu ake fara kira. Sababbin ma'aikata sun cika gari, kowa yana son kujerun kushin, shi kuma ya sayo injin huji mai aiki da lantarki. Gaskiya ya iya kujera. Matsalarsa ɗaya, tun da injin nan ya shigo shagonsa kunnensa ya daina jin maganar mutane.

Ya juya katakon a hannunsa yana murmushi. "Wannan ɗan abin ne kika yi sammako a kansa, madam?"

Ta kwance idon daga cikin ƙyalle. Yana da faffaɗar fuska a gaba, da siririn wuya a baya. Wuyan ne ke shiga huji, a murɗa masa zoben ƙarfe ta ciki ya riƙe shi.

Ta fara cewa, "Maigidana yakan ce ta baya ake..."

"Madam, ni za ki koya wa katako?"

Ya ɗora awo a kan fuskar idon, ya saita injinsa, ya kunna. Kafin ta sake buɗe baki an gama. Huji ya fito sumul, zagayayye, abin sha'awa. Ya karɓi idon ya sa a ciki don ya nuna mata, sai idon ya zurma gaba ɗaya ya fito ta baya. Ba don Paulina ta tara zanenta ba, da a kan siminti zai tarwatse.

Ma'aikatansa suka sunkuyar da kai. Sabitu ya gyara murya. "Ai ba komai. Ki naɗa masa tsumma, zai zauna."

Ta naɗe idon a ƙyalle ta fita. Katako ɗaya ya rage mata, da kwana uku.

Kai tsaye gidan Goggo Ruƙayyatu ta wuce don ta ce mata su nemi wani mai hoton tun da wuri. Goggo tana tsakar gida tana matsar tunkuza. Ta saurare ta har ƙarshe, hannunta bai tsaya ba.

"Kin gama kukan? To share fuska. Ki je wurin yayana Hammajoda, can gindin tsohuwar ganuwa. Ki ce ni na turo ki. Sai dai in gaya miki tun yanzu, in kina da hawan jini kada ki je, don mutumin nan ko ruwa zai sha sai ya yi shawara da moɗa."

Da safiyar Talata Paulina ta same shi. Rumfar kara ce, da benci ɗaya. Allunan karatu yake sassaƙawa, da kujerun tsuguno, da muciya, yana gyara ƙofar da ta saki. Kayan aikinsa duka a jakar fata ɗaya suke: zarto, magagari, wuƙa, da abin huji na hannu wanda ake juyawa. Da ta ga haka ta ce a ranta: Mai inji ya kasa, ina ga wannan?

Ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓi idon. Ya daɗe yana juya shi.

Ya ce, "'Yata, ban taɓa yin irin wannan aikin ba. Ke kika san abin nan, ni katako kawai na sani. Zauna ki gaya mini yadda yake zama."

Paulina ta tsaya tana kallonsa. Tun rasuwar Elisha ba wanda ya tambaye ta komai game da kyamarar, kowa gaya mata yake yi.

Ta nuna masa wuyan, ta nuna masa zoben. Ta ce dole hujin ya zauna a tsakiya cif, dole ya miƙe, kuma ko ƙwayar haske kada ta wuce ta gefe. Ya riƙa tambaya tana amsawa. Abin da bai gane ba sai ya ce, "Sake faɗa, kaina ya tsufa."

Ta kwance bakin zane ta nuna masa abin da take da shi, tana jin kunya. Ko duba yawansu bai yi ba, ya ce ya isa.

Daga nan ya yi abin da ya kusa sa ta haukace. Ya naɗe katakon maɗacin a ƙyalle ya ajiye gefe, ya jawo wani ɓallen tsohon akwatin sabulu.

"Baffa, ba wannan ba ne katakon."

"Na sani. Hannuna baƙo ne a aikin nan, dole zai yi kuskure. Gara ya yi shi a kan katakon banza."

Ya shafa baƙin tukunya a bakin wuyan idon, ya danna shi a kan takarda, zagayen ya fito. Ya ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, inda suka gitta ya ɗiga alama. Ya zana da'irar a kan katakon, sannan ya shiga huda 'yan ƙananan ramuka a jere, suna bin layin ta ciki.

Aka kira azahar ya tafi masallaci. Ya dawo ya ci gaba. Paulina tana zaune a bakin benci, zafin bazara yana dukanta, tana lissafin awannin da suke tafiya a kan akwatin sabulu.

Dab da la'asar ya gama zagaye. Ya ɗora ɗan itace a tsakiya ya ƙwanƙwasa don tsakiyar ta faɗo. Sai ji kake ƙas! Katakon ya tsage daga huji har baki. Ya juya bayansa, ga shi duk ya yi tsilli-tsilli inda bakin abin hujin ya faso.

Paulina ta dafe ƙirji. Shi kuwa tsohon dariya ya yi, har da tafa hannu.

"Madalla! Kin gani? Da naki ne da yanzu muna salati. Abu biyu ya koya mini. Ba a fasa shi ta gefe ɗaya, kuma ba a buga shi."

A hanyar gida ta yi tunanin ta koma ta karɓe katakonta. Amma ta kai wa wa? Ta tuna yadda Sabitu ya ɓata nata ya ce ba komai, shi kuwa wannan ya ɓata na gwaji yana juya shi yana neman inda laifinsa yake. Ta bar masa.

Ranar Laraba ya yi bisimilla ya kwance maɗacin.

Jama'a, da kun ga aikin nan da kun ji daɗi. Ya zana da'irar gaba da baya. Kowane ɗan rami sai ya huda rabi ta gaba, ya juya katakon ya ƙarasa ta baya. Ya matso da ramukan kusa da juna, kuma da gangan ya bar su can cikin layi. Ɗan naman katakon da ya rage tsakaninsu, da bakin wuƙa ya riƙa yanke shi ɗaya bayan ɗaya, har tsakiyar ta faɗo da kanta a tafin hannunsa.

Hujin ya fito da haƙora-haƙora, mummuna, ko kusa bai kai na Sabitu kyau ba. Ya ɗauki magagari ya fara ci. Ya goga sau biyar ya tsaya, ya hure gari, ya gwada wuyan. Ya sake goga biyar. Masu wucewa suna yi masa sannu da aiki, yana amsawa bai ɗago ba.

Wata mata ta aiko a karɓi kujerarta, ya ce a ba ta haƙuri sai jibi. "Kujera tana iya jira, wannan ba ya iya jira."

Rana ta yi sanyi, wuyan bai shiga ba. Bakinsa kawai yake taɓawa. Hammajoda ya ɗaga katakon sama, ya runtse ido, sannan ya fara naɗe shi a ƙyalle.

"Baffa, me kake yi?"

"Hasken ya ragu. Ba na ganin layin sosai."

"In kawo fitila! Muna da fitila mai haske a gida."

"Fitila tana yin inuwa a cikin huji. Zan ci inda bai kamata ba."

Nan haƙurinta ya ƙare. Ta miƙe tsaye. "Gobe ne fa Alhamis! Gobe za a zo a kwashe ni da 'ya'yana! Kwana biyu kana kan huji ɗaya, Baffa. Kai ba abin da za ka rasa, shi ya sa kake wasa da lokacina!"

Tana rufe baki ta ji kunya ta rufe ta, domin mutumin sa'an mahaifinta ne. Maƙwabtan rumfa duk sun juyo.

Hammajoda ya ƙarasa ƙulla ƙyallen. Muryarsa ba ta canja ba.

"Kina da gaskiya, ni ba abin da zan rasa. Ke ce za ki rasa, shi ya sa ba zan yi sauri ba. In na bar shi ya matse, gobe ina iya ƙarawa. In na zarce ko da kaurin farce ne, ba ni da inda zan samo miki katakon da na cire. Je ki ba yara abinci, ki zo da kyamarar da sassafe."

Ta tafi tana kuka, ita kanta ba ta san ko na haushi ba ne ko na nadama.

Da gari ya waye ta ɗauko akwatin kyamarar a ka, ƙafafun a kafaɗa. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, ka yafe mini maganar jiya."

Ya ce, "Wace magana? Miƙo mini kwalbar can."

Ya ajiye magagari, ya naɗa sanfefa, takardar goge katako, a jikin kwalba, ya zura ta cikin hujin yana juyawa a hankali don zagayen ya daidaita. Da hantsi wuyan ya shiga rabi ya tsaya.

Daidai lokacin Jesse ya iso. Ya je gida yara sun ce masa tana gindin ganuwa. Ya gaida dattijon da ladabi, ya dubi akwatin da bakinsa yake a buɗe, ya dubi Paulina.

"Maman Liatu, yau Alhamis."

"Na sani, Yaya. Saura kaɗan."

Ya leƙa ya ga wuyan a maƙale. "Baba, ai ya riga ya shiga. A ɗan buga shi da guduma mana, mota ba za ta jira mu ba."

Hammajoda ya matsa masa a benci. "Zauna, ɗana, ka huta. Ni na buga shekaranjiya, na ga abin da ya faru."

Ya zare idon, ya sake shafa masa baƙin tukunya a wuya, ya mayar, ya murɗa kaɗan, ya fitar. A cikin hujin sai ga tabo baƙi a wuri uku, inda katakon yake cizon ƙarfen. Nan kaɗai ya goge. Ya sake shafawa, ya sake gwadawa. Tabo biyu. Ya goge. Tabo ɗaya.

Jesse da ya zauna yana karkaɗa ƙafa, bai san lokacin da ya matso yana leƙe ba. Har shi ne ya nuna da yatsa, "Baba, ga wani ɗan baƙi nan."

A gwaji na bakwai, wuyan ya zame ya shige har gindi, ba ƙara, ba girgiɗi. Hammajoda ya kifa katakon ƙasa ya girgiza, ido bai motsa ba, tun ma ba a sa zobe ba.

Paulina ta miƙa hannu za ta karɓa, ya janye. "Kin ce haske ba ya son farin katako a ciki."

Ita ta gaya masa haka ranar Talata, har ta manta. Ya dama baƙin tukunya da ruwan ƙaro, ya shafe bayan katakon da cikin hujin, ya ajiye a inuwa ya sha iska. Wannan jiran ya fi duk na baya yi mata tsawo, amma wannan karon ta zauna ta jira.

Da rana ta take, ta murɗa zoben da hannunta, ta zura katakon a bakin akwatin. Suka fito da kyamarar tsakiyar rana, aka rufe ido da murfinsa. Ta cusa kai cikin baƙin ƙyallen ta tsaya, tana jira idonta ya saba da duhu. In akwai kafa ko ta bakin allura ce, yanzu za ta nuna kanta.

Hammajoda ya ce, "Me kika gani?"

Muryarta ta fito daga cikin ƙyallen. "Ba komai, Baffa. Duhu ne ƙirin."

"Alhamdu lillahi. To ɗauki kayanki, Ruƙayyatu tana can tana zagina."

Jesse ya ce shi dai har yanzu bai ga hoto ba. Ya bi ta a baya hannunsa a aljihu, ita ce ɗauke da akwati da ƙafafu da bokiti. A ƙofar gidan Goggo aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo masa ruwa, domin iyakar baƙon namiji ke nan. Paulina ta yi sallama ta shige.

Tsakar gida cike da mata, har da waɗanda ba inda za su je, sun zo kallo. Paulina ta rataya zane a igiyar shanya, ta zaunar da Goggo a kujera, ta gyara mata farin mayafinta. Ta shiga ƙyalle ta saita. Sai ta ga fuskar Goggo ta fito a gilashin ciki, a kife kamar yadda take fitowa kullum, garau daga kunne zuwa kunne.

"Goggo, kada ki motsa, kada ki ƙifta."

"Numfashi fa?"

"Shi ma ki ɗan riƙe."

Ta cire murfi, ta ƙirga uku a zuciyarta, ta mayar. Ta zura hannu cikin akwatin tana wanke takardar da lalube, yadda ta yi shekara tara tana gani. Ta fito da ita ta tsoma a bokiti.

Goggo ta leƙo, ta ja da baya. A takardar farko komai a juye yake fitowa, fuska fara fat, mayafi baƙi wuluk.

"Innalillahi! Paulina, wa kika ɗauko mini? Da wannan za a bar ni in shiga jirgi?"

Mata suka kwashe da dariya. Paulina ta ce a ba ta minti kaɗan. Ta manna takardar a gaban ido, ta sake ɗaukarta, ta sake wankewa. Da ta ɗago ta biyun daga ruwa, dariyar ta ɗauke. Ga Goggo Ruƙayyatu sak, har ɗan tsagen da ke kumatunta, ba tabon haske ko ɗaya a gefe.

Goggo ta daɗe tana kallon kanta. "Ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya mini." Sannan ta ɗaga murya ta kira wata yarinya, "A'i! Je ki gaya wa su Fati su shirya, mai hoto tana tafe."

Paulina ta roƙi aron hoton na minti ɗaya. Ta fito zaure ta miƙa wa Jesse da hannu biyu, ruwa yana ɗiga.

Ya riƙe shi ta gefe-gefe. Ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Sannan ya juyo ya dube ta.

"Ke kika yi wannan? Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai, Yaya."

"Hannun Elisha ne sak." Ya goge ido da bayan hannu. "Na yi miki rashin adalci, Maman Liatu. Ban tambaye ki ba."

Ta shiga ta mayar wa Goggo hotonta, ta fito da kaya. Kafin ta sunkuya, Jesse ya riga ya saɓa ƙafafun kyamarar a kafaɗa, ya ɗauki bokitin da ɗaya hannun.

Hanyar gidan mace ta biyu da za a ɗauka ta gaban rumfar Hammajoda ta bi. Yana zaune ya riga ya koma kan kujerar matar nan. Paulina ta tsaya, bakinta cike da godiyar da ba ta san ta inda za ta fara ba.

Ya ɗago. "Hasken bai shiga ba?"

"Bai shiga ba, Baffa."

"To madalla. Allah ya sa albarka, ya raya yara." Ya mayar da kai kan aikinsa.

Tana nan tsaye hawaye yana zuba, sai ta ji muryar Jesse daga gaba, ya riga ya kai bakin lungu.

"Maman Liatu, ki ɗaga ƙafa mana! Mata biyar suna jiranki, rana tana tafiya."

Darasi: Wanda ya ce "ban sani ba, koya mini" ya fi kusa da gyara a kan wanda ya ce "ni za ka koya wa?" Kayan aiki masu tsada ba sa maye gurbin sauraro da natsuwa. In aka kawo maka ɗan ƙaramin aiki kada ka raina shi, domin ba ka san rayuwar mutum nawa ke rataye a jikinsa ba. Kuma kafin ka yanke wa wani hukuncin cewa bai iya ba, ka tambaye shi tukuna. In labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura shi ga wani mai sana'ar hannu da ka sani yana aikinsa tsakani da Allah, ka ce masa sannu da ƙoƙari.